Burauza ta daina bin fayil ɗin hosts bayan an cire manhajar leƙen asiri: yadda ake gano matsalar a gyara

A shagunan intanet da na buga takardu a Sakkwato, musamman na wajen Dandima da Mabera inda ɗalibai ke cincirindo lokacin rajistar JAMB, masu shago da yawa sun san dabarar fayil ɗin hosts. Da layi biyu ko uku sai su toshe shafukan caca da na bidiyo masu zuƙe data, ba tare da sun sayi wata manhaja ba. Ana nan sai wani ya zo da filashi mai ɗauke da manhajar da aka fasa, ko yaron shago ya sauke wani abu da aka ce kyauta ne, kwamfuta ta cika da talla. A kira mai gyara ya wanke ta, tallan ya ragu, amma shafukan da aka toshe su ci gaba da buɗewa kamar ba a rubuta komai ba. A buɗe hosts a duba, layukan suna nan daram.

Abu biyu ne kaɗai ke jawo wannan. Ko dai Windows kansa ya daina karanta fayil ɗin da kake gyarawa, ko kuma Windows yana karantawa amma burauzar ta daina tambayarsa. Maganin kowanne daban ne, kuma yawancin lokacin da ake ɓatawa a kan wannan matsala yana tafiya ne wurin gyaran ɓangaren da lafiyarsa lau.

Yadda abin yake aiki

Kwamfuta ba ta san sunan shafi ba, lamba ta sani, wato adireshin IP. Idan ka rubuta suna a burauza, sai an fara juya shi zuwa lamba. Kafin a aika tambaya waje wurin sabar DNS, wato na'urar da ke juya sunan shafi zuwa lamba, ana duba wani ɗan fayil da ke C:\Windows\System32\drivers\etc mai suna hosts. In sunan yana ciki, lambar da aka rubuta a gabansa ake ɗauka, magana ta ƙare. Shi ya sa idan ka haɗa sunan shafi da 127.0.0.1, wadda ke nufin kwamfutar da kake kai, ko da 0.0.0.0, shafin ba zai buɗe ba.

Furoksi (proxy), wato na'ura ko manhajar da ke shiga tsakanin burauza da intanet, shi ne ke rushe wannan tsari. Idan an saita furoksi, burauza ba ta neman lambar shafin ko kaɗan. Sunan take miƙa wa furoksin, shi ya nemo lambar a can inda yake, ya ɗebo shafin ya kawo mata. Kamar ka tsayar da ɗan kabu-kabu ne ka ce masa ya kai ka Gawon Nama; duk abin da ka rubuta a takardar da ke aljihunka game da hanya bai shafe shi ba, hanyar da ya ga dama zai bi. Masu manhajar leƙen asiri suna son furoksi ne don duk abin da ka buɗe ta hannunsu zai wuce, su cusa talla, su karanta abin da za su iya karantawa. Tsallake hosts ba shi ne burinsu ba, biyo baya kawai ya yi. Manhajojin wanke kwamfuta kuwa sukan goge fayilolin cutar su bar saitin da ta canja.

Kafin ka taɓa komai

Ka tabbata kana da asusu mai ikon Administrator. Ka kwafe takardun mutane zuwa wani wuri, takardu da hotuna kaɗai, ban da fayiloli masu ƙarewa da exe. In lafto ce a cika batir, in ta tebur ce a tabbata akwai inbata ko janareta, domin wasu matakan ba sa son a ɗauke wuta suna tsaka da aiki. Kada kowa ya shiga asusun banki ko imel a kwamfutar har sai an gama.

Za a taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa da ake buɗewa da manhajar regedit, saboda haka duk reshen da za ka gyara a ciki ka fara danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Export, ka ajiye kwafi. Kuskure a rajista yana iya hana kwamfuta tashi, kuma wannan kwafin ne zai cece ka.

Gwajin da ke raba hanya

Danna Start, rubuta Notepad, danna shi da maɓallin dama, zaɓi Run as administrator. Daga cikinsa ka bi File, Open, ka je foldar etc, ka canja Text Documents zuwa All Files don hosts ya bayyana. A can ƙasa ka ƙara layuka biyu:

127.0.0.1 example.com
127.0.0.1 www.example.com

An ware wannan suna ne musamman don misali da gwaji, ba zai ɓata wa kowa aiki ba. Ka adana, sannan ka buɗe Command Prompt shi ma da ikon Administrator ka rubuta:

ipconfig /flushdns
ping example.com

Dubi lambar da ta fito a layin farko na amsar. In 127.0.0.1 ce, Windows yana karanta hosts, laifin na burauza ne ko na furoksi, sai ka tsallake sashe na gaba. In wata lamba ce daban, matsalar tana wurin fayil ɗin ko wurin Windows.

Kada ka yi wannan gwaji da umarnin nslookup. Shi kai tsaye yake tambayar sabar DNS, ba ya duba hosts ko a kwamfutar da ba ta taɓa kamuwa da komai ba. Masu gyara da dama sun yi wa kwamfuta fomat a banza saboda amsar nslookup. Haka nan kada ka gwada da shafukan Microsoft, domin akwai wasu sunayensu, irin na sabunta Windows, da aka tsara Windows ya yi watsi da hosts a kansu tun daga kamfani.

Idan ping ma bai ga layin ba

Fara da sunan fayil ɗin. A Command Prompt rubuta:

dir /a C:\Windows\System32\drivers\etc

Wannan yana nuna har da ɓoyayyun fayiloli. A kwamfuta mai lafiya za ka ga hosts, lmhosts.sam, networks, protocol da services. Wani lokaci da hosts.ics in an taɓa raba intanet daga kwamfutar. In ka ga hosts.txt, Notepad ne ya maƙala masa wutsiya, kuma Windows ba ya kallon wannan. In ka ga hosts guda biyu masu suna iri ɗaya, wata tsohuwar dabara ce: an ɓoye na ainihi, an ajiye na bogi wanda harafin o ɗinsa na rubutun Rashanci ne, ido ba ya bambance su. Kai kana ta gyaran na bogi, Windows yana karanta ɓoyayyen.

Akwai kuma tarkon tsofaffin manhajojin rubutu. In aka buɗe hosts da irinsu ba tare da ikon Administrator ba, Windows yakan bar su su adana, amma a wani kwafi da ke cikin %LOCALAPPDATA%\VirtualStore. Manhajar za ta riƙa nuna maka gyaranka duk lokacin da ka buɗe, alhali fayil na gaske bai canja ba. Ka rubuta type C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts a Command Prompt. Abin da ya fito shi ne gaskiya. Ka kuma gangara har ƙarshe, don ana zuba ɗaruruwan layuka marasa rubutu a ɓoye mugayen layuka a ƙasansu.

Hanya mafi tsafta ita ce a sake fayil ɗin gaba ɗaya maimakon a yi ta faci. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

cd C:\Windows\System32\drivers\etc
attrib -r -s -h hosts
ren hosts hosts.tsoho

Sannan a Notepad mai ikon Administrator ka rubuta sabbin layukanka, ka zaɓi Save As, ka sa sunan cikin alamar zance, "hosts", don kada txt ta biyo shi. A wurin Encoding zaɓi ANSI. In aka adana shi da UTF-16, wanda tsohon Notepad ke kira Unicode, fayil ɗin zai yi kyau a ido amma Windows ba zai fahimci ko layi ɗaya ba.

Tsarin layin ma yana kayar da mutane. Lamba ce farko, sai tazara, sai suna tsurarsa. Ba a sa https a gaba, ba a sa alamar / ko sauran adireshin shafi bayan sunan, ba a amfani da tauraro don a ce duk rassan shafi. Suna mai www da marar www abu biyu ne, haka ma mai m a gaba na waya, kowanne da layinsa. Layin da ya fara da alamar # bayani ne kawai, ba ya aiki.

In duk wannan daidai ne, duba izini. Hidimar DNS Client, wato ɓangaren Windows da ke nemo lambobin shafuka, tana karanta fayil ɗin ne da wani asusu na musamman, kuma in cutar ta cire izinin karantawa, kai za ka iya buɗe shi amma hidimar ba za ta iya ba. Umarnin icacls hosts /reset a cikin foldar etc yana mayar masa da izinin da ya gada daga foldar.

Sai rajista. Buɗe regedit ka je HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\Tcpip\Parameters ka nemi DataBasePath. Abin da ya kamata ya ƙunsa shi ne %SystemRoot%\System32\drivers\etc, nau'insa kuma REG_EXPAND_SZ. In yana nuna wata folda, ko an mayar da nau'in REG_SZ, ka goge shi ka ƙirƙiri sabo ta New, Expandable String Value, da wannan suna da wannan ƙunshiya, ka sake kunna kwamfuta.

Mataki na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne fayilolin Windows kansu. An taɓa samun manhajojin talla da ke gyara dnsapi.dll don ya riƙa karanta wani fayil daban a madadin hosts. Umarnin sfc /scannow yana gano irin wannan ya mayar da na asali. In ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyarawa, sai a gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth a sake sfc. DISM yana sauke abubuwa daga intanet, don haka a tanadi data.

Idan ping ya gani amma burauza ta ƙi

A nan mafi yawan matsalolin suke. Amma ka fara kawar da ƙaramin dalili tukuna: burauza tana da ajiyarta ta sunaye daban da ta Windows, kuma tana riƙe hanyoyin da ta riga ta buɗe. A Chrome rubuta chrome://net-internals/#dns ka danna Clear host cache, sannan chrome://net-internals/#sockets ka danna Flush socket pools. A Edge haka yake, sai dai edge ake sawa a madadin chrome. A Firefox about:networking#dns ne, da maɓallin Clear DNS Cache. Rufe burauzar gaba ɗaya, ka leƙa Task Manager ka tabbata ba ta maƙale a baya ba, ka sake buɗewa ka gwada example.com a taga ta sirri, wato Incognito ko Private. In shafin ya ƙi buɗewa, Chrome ya nuna ERR_CONNECTION_REFUSED, hosts yana aiki ke nan.

In ya buɗe, ka tambayi burauzar da wa take magana. Danna F12, shiga Network, sake loda shafin, danna layin farko, ka duba Remote Address. In ka ga 127.0.0.1 da wata lambar ƙofa (port) kamar 8080 ko 8888 alhali shafin ya buɗe, akwai furoksi zaune a cikin kwamfutar. In baƙuwar lamba ce da ke fitowa iri ɗaya a kowane shafi ka buɗe, furoksin yana waje.

Yanzu sai farauta, kuma wuraren ɓuyan suna da yawa. Na farko saitin Windows. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta inetcpl.cpl, shiga Connections, sannan LAN settings. Akwatuna uku ne. Use a proxy server shi kowa ke dubawa. Wanda ake mantawa shi ne Use automatic configuration script, inda ake sa adireshin wani ɗan fayil da ake kira PAC. Wannan fayil yana iya cewa shafukan banki da na bincike kaɗai za a bi da su ta furoksi, sauran su tafi kai tsaye, shi ya sa wani lokaci hosts ke aiki a kan wasu shafuka ya ƙi a kan wasu. Kafin ka cire alamar, ka rubuta adireshin da lambar ƙofar a takarda, za su yi amfani. A kwamfutar gida ko ta shago da ke kan MiFi ko hotspot na waya, babu dalilin barin ko ɗaya daga cikin ukun a kunne. A ofis ko makaranta kuwa ka tambayi mai kula da na'urori tukuna, don wasu wuraren da gangan suke amfani da furoksi.

Ka tabbatar a rajista, a HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings. ProxyEnable ya zama 0, ProxyServer da AutoConfigURL kuma a goge su in suna nan. Wannan reshe na asusun da ka shiga ne kaɗai. In kwamfutar tana da asusun mai shago da na kwastoma, kowanne sai an duba shi. In akwatunan LAN settings sun dushe ba sa dannuwa, an kulle su da doka ne. Duba HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings. In akwai ProxySettingsPerUser mai ɗauke da 0, an mayar da saitin na kwamfuta gaba ɗaya, kuma gyaran da ka yi a asusunka ba zai yi tasiri ba sai ka goge shi. Ka leƙa Policies\Microsoft\Internet Explorer\Control Panel ma, a nan ake kulle maɓallan.

Windows yana da furoksi na biyu wanda hidimominsa ke amfani da shi. netsh winhttp show proxy zai nuna shi, amsar da ake so ita ce Direct access. In ba ita ba ce, netsh winhttp reset proxy.

Na biyu, dokokin burauza. Chrome da Edge suna karɓar umarni daga rajista, tsarin da aka yi don kamfanoni, cututtuka kuma suka gano daɗinsa. Alamarsa rubutun Managed by your organization a ƙasan menu, a kwamfutar da ba ta da wata hukuma sai mai ita. Buɗe chrome://policy ko edge://policy ka nemi ProxySettings, ProxyMode, ProxyServer, ProxyPacUrl da ExtensionInstallForcelist. Na ƙarshen shi ne ke dasa ƙari (extension) a burauza ya cire maɓallin goge shi. Ana share su daga SOFTWARE\Policies\Google\Chrome ko SOFTWARE\Policies\Microsoft\Edge, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE da HKEY_CURRENT_USER duka biyun. Na Firefox suna bayyana a about:policies.

Na uku, ƙare-ƙaren burauza. Duk wani ƙari mai suna VPN na kyauta furoksi ne a zahiri, kuma muddin yana kunne hosts ba shi da ta cewa. Haka VPN ɗin da ke cikin burauzar Opera. Wannan ba lallai cuta ba ce. Sau da yawa wani kwastoma ne ya dasa don ya tsallake toshewar mai shago. Buɗe chrome://extensions ka cire duk abin da ba ka san wanda ya sa shi ba. In burauzar tana haɗe da asusun Google ko na Microsoft, ka dakatar da Sync tukuna, in ba haka ba ƙarin zai iya dawowa daga wata na'urar.

Na huɗu, gunkin da ake dannawa. Danna gunkin burauza na kan allo da maɓallin dama, Properties, ka karanta Target har ƙarshe. Ya kamata ya tsaya a chrome.exe da alamar zance. In akwai --proxy-server ko --host-resolver-rules ko --load-extension ko adireshin wani shafi a bayansa, ka goge. Gunkin da ke maƙale a sandar ƙasa daban yake da na kan allo, gara a cire shi a sake maƙalawa. Shafin chrome://version yana nuna Command Line, wato ainihin umarnin da aka tashi burauzar da shi, kuma ba ya ɓoye komai.

Firefox tana da nata saitin furoksi wanda zai iya bambanta da na Windows. A Settings ka nemi Network Settings ka zaɓi No proxy. In ka rufe ka buɗe ya koma yadda yake, je about:support, buɗe Profile Folder, nemi fayil mai suna user.js. Duk abin da ke cikinsa ana sake ɗora shi a kowane tashi. Firefox ba ta ƙirƙirar wannan fayil da kanta, don haka in ba kai ka sa shi ba, ka goge shi.

Ana yawan ɗora laifin a kan DNS mai tsaro, wanda Chrome ke kira Use secure DNS, Firefox kuma DNS over HTTPS. A sababbin fitowar waɗannan burauzoji ana duba hosts ko da yana kunne, saboda haka ba kasafai shi ne mai laifi ba. Duk da haka kashe shi na minti biyu a gwada ba ya cin komai, musamman a burauzar da ta daɗe ba a sabunta ba, ko in ka ga an sa adireshin wata sabar da ba ka sani ba a wurin.

Idan saitin yana dawowa

Ka cire furoksi, ka sake kunna kwamfuta, ka tarar ya dawo. To cutar ba ta mutu ba, kuma ci gaba da gyaran saiti ɗiban ruwa ne da kwando. Sai an nemo mai mayar da shi.

In furoksin na cikin gida ne, lambar ƙofar da ka rubuta za ta kai ka gare shi. Misali in 8080 ce:

netstat -ano | findstr :8080

Lambar ƙarshe a layin da ke cewa LISTENING ita ce PID, wato lambar manhajar da ke riƙe da ƙofar. Je Task Manager, Details, nemi wannan lamba, danna da maɓallin dama, Open file location. In ya kai ka AppData ko ProgramData ko Temp, wurin fayil mai suna marar ma'ana, ka kama shi. Amma ka lura, wasu manhajojin kariya da na tace shafuka don yara su ma suna kafa furoksi na cikin gida, don haka ka karanta sunan kamfanin a Properties kafin ka yanke hukunci.

Sauke Autoruns, ɗaya daga kayan Sysinternals na Microsoft, daga shafin Microsoft kansa. Ka buɗe shi da ikon Administrator, ka kunna Hide Microsoft Entries, ka bi Logon, Scheduled Tasks, Services da WMI. Ayyukan da aka tsara su riƙa tashi duk bayan 'yan mintuna, masu kiran powershell ko wscript ko mshta da dogon rubutu marar kan gado, su ne abin zargi na farko. Cire alamar da ke gabansu maimakon gogewa, don in ka yi kuskure ka iya mayarwa. In ya gagara, Process Monitor zai nuna shi ƙiri-ƙiri: sa matata (Filter) ta Path contains ProxyServer ko AutoConfigURL, ka gyara saitin, ka jira ka ga sunan manhajar da za ta sake rubuta shi.

Bayan haka a yi wanka biyu. AdwCleaner na Malwarebytes ya ƙware a kan manhajojin talla da masu sace burauza, ƙarami ne kuma ba ya buƙatar dasawa. Sai Microsoft Defender Offline scan da ke cikin Windows Security, wanda ke sake kunna kwamfuta ya yi bincike kafin Windows ya tashi, lokacin da cutar ba ta iya ɓuya ba. Yakan ɗauki kamar minti 15. Wani abin lura: in ka sa sunayen Microsoft a hosts, Defender na iya kiran fayil ɗin SettingsModifier:Win32/HostsFileHijack, kuma in ka yarda ya gyara zai share layukanka duka. Ka ajiye kwafinsu a wani wuri.

Ragowar da ake bari a baya

Furoksin da ke son karanta shafuka masu https dole ya dasa takardar shaidarsa (certificate) a kwamfuta. Abin da manhajar talla mai suna Superfish ta yi ke nan a wasu laftocin Lenovo, wanda ya fallasa a farkon 2015. Buɗe certmgr.msc da certlm.msc, shiga Trusted Root Certification Authorities, ka nemi takarda mai sunan manhajar da ka cire. Kada ka goge abin da ba ka tabbatar ba, domin yawancin na cikin jerin halal ne. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce ka buɗe wani sanannen shafi a wannan kwamfuta da kuma wata mai lafiya, ka kwatanta sunan wanda ya ba da takardar a wurin Issued by.

Sannan netsh winsock reset da netsh int ip reset, a sake kunnawa. Na farkon yana cire abin da aka saƙala a hanyar sadarwar Windows, matsalar da ta fi yawa a Windows 7. Na biyun yana iya share adireshin IP da aka sa da hannu, don haka in firinta ko kwamfutocin shago suna kan tsayayyun lambobi, a rubuta su tukuna. A ncpa.cpl ka duba Properties na IPv4 ka tabbata ba a sa baƙuwar sabar DNS ba. Ka shiga shafin MiFi ko rawuta, wanda adireshinsa ke rubuce a jikinsa ko a ƙarƙashin batir, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, ka duba DNS a can ma, ka canja kalmar sirrin da ya zo da ita.

Yanzu maimaita gwajin farko: flushdns, ping, sannan kowace burauza da ke kwamfutar, a kowane asusu. Sake kunnawa sau biyu, ka bar ta a kan intanet na kamar awa ɗaya, ka sake duba LAN settings da chrome://policy. In komai ya tsaya, cire layukan example.com, ka mayar da naka. Kalmomin sirrin imel, banki, Facebook da duk abin da aka shiga lokacin da cutar ke ciki a canja su daga waya ko wata kwamfuta mai tsafta, a faɗa wa kwastomomin da suka yi amfani da ita su ma su canja.

In bayan duk wannan saitin ya ci gaba da dawowa, ko sfc ya kasa gyara fayilolin, fomat ya fi araha a kan kwana biyu ana kokawa. A yi shi da Windows da aka sauke daga Microsoft, ba kwafin da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago ba, don sau da yawa daga can cutar ta fito. Windows 7 ya daina samun sabuntawa ta yau da kullum tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ta tsaya a fitowa ta 109 a kansa, Windows 10 ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. A kwamfutar shago kuma a buɗe wa kwastomomi asusu na Standard, a riƙe kalmar sirrin Administrator a hannun mai shago. Mai asusun Standard ba zai iya gyara hosts ba, ba zai iya rubuta doka a HKEY_LOCAL_MACHINE ba, amma zai iya dasa ƙarin VPN a burauza ko ya sa furoksi a asusunsa, don haka shafukan da lallai ake so a toshe gara a toshe su a rawuta ma, a riƙa leƙa chrome://extensions duk ƙarshen mako.